Asalin Lambobin da Ke Shaƙe Uwar Garken Saƙo

Duk mai kula da uwar garke da ya taɓa ɗora RabbitMQ ko Kafka ko IBM MQ a kan Linux ya san irin wannan rana. Saƙonni na shiga layi suna fita lami lafiya, sai kwatsam manhajar ta daina karɓar baƙi, kundin rahoto kuma ya cika da jimla guda: "Too many open files", wato fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Wani lokaci ta ce babu sauran wuri a na'ura, alhali faifan ajiya ko rabi bai kai ba. Galibi manhajar lafiyarta ƙalau. Karo ta yi da wata lamba a cikin kenel, zuciyar babbar manhajar kwamfuta, kuma sau da yawa lambar ta girmi mai gyaran.

Aikin uwar garken saƙo riƙon amana ne tsakanin manhajoji, kamar yadda mutum zai damƙa wa ɗan kamasho kaya a tasha ya tafi harkarsa, mai kayan ya zo ya karɓa idan ya samu sarari. Don ta yi wannan riƙo, tana buƙatar layin sadarwa ga kowane mai aikowa da mai karɓa, da fayilolin da za ta jibge saƙonni, da ƙwaƙwalwar aiki. Ba ta da ko ɗaya na kanta, duk a wurin kenel take roƙa. Shi ya sa takan riga sauran manhajoji isa bango.

An fara gina bangon ne a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma Unix a 1969. Kwamfutar PDP-11 da tsarin ya girma a kanta ba ta barin shiri ya hango fiye da kilobait 64 a fili guda, don haka kowane gurbi da lissafi ake ba da shi. A bugu na shida na Unix, wanda ya fito a 1975, akwai wani ɗan fayil mai suna param.h da aka rubuta iyakoki a cikinsa: shiri ɗaya ba zai buɗe fiye da fayil 15 ba, shirye-shiryen da za su yi aiki lokaci guda kuma 50 ne. A bugu na bakwai, a 1979, aka ɗaga fayilolin zuwa 20. Babu rowa a cikin wannan. Kenel yana yanka teburansa ne tun lokacin tashi, ko an yi amfani da gurbi ko ba a yi ba ya riga ya ci wuri. Wanda ke son ƙari sai ya buɗe fayil ɗin, ya sauya lamba, ya sake harhaɗa kenel ɗungurungum.

A 1983 aka haifi matsalolin biyu da ake fama da su har yau, kowacce a gidanta. Kamfanin AT&T ya fitar da System V ɗauke da hanyoyi uku da shirye-shirye za su yi magana da juna: layin saƙo a cikin kenel, da ƙwaƙwalwar tarayya, da simafo, wato alamar da ke tsayar da shiri har ɗan'uwansa ya gama. Kowacce ta zo da jerin iyakokinta, masu sunaye irin su msgmax da shmmax da semmni. A shekarar kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ta fitar da 4.2BSD, da soket na sadarwa, da wani kira mai suna select wanda ke ba shiri damar sa ido kan layuka da yawa lokaci guda. A Unix, soket ma lambar fayil yake ɗauka. Daga nan duk wanda ya haɗu da uwar garke ya zama fayil buɗaɗɗe a lissafin kenel.

Da bankuna da kamfanonin jiragen sama suka rungumi Unix, sai saita kenel ya zama sana'a. A wasu jinsunan System V, ma'aikaci zai sauya lamba da idtune, ya sake gina kenel da idbuild, sannan ya kashe na'ura ya kunna. A Solaris kuwa fayil ɗin /etc/system ake gyarawa, shi ma sai an sake kunnawa. Bayan da IBM ta fito da MQSeries a 1993, wadda aka sauya wa suna zuwa WebSphere MQ a 2002, sannan IBM MQ a 2014, nau'inta na Unix ya dogara sosai kan ƙwaƙwalwar tarayya da simafo. Littafin girka ta ya zo da babi sukutum na lambobin da za a ɗaga kafin a fara, kamar yadda littattafan Oracle suke. Daga baya ma aka samar da ɗan shiri mai suna mqconfig da ke duba na'ura ya nuna wacce lamba ce ta gaza.

Sauƙin farko daga Bakili ya sake zuwa. A 4.4BSD, a 1993, aka shigo da sysctl, hanyar sauya saitin kenel yana cikin aiki. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ya ɗauki dabarar ya mayar da kowane saiti ɗan fayil a ƙarƙashin /proc/sys. Ka karanta /proc/sys/kernel/msgmax, za ka ga 8192, wato girman saƙo ɗaya a bait. Ka karanta msgmnb, ka ga 16384, iyakar abin da layi guda zai riƙe. Lissafin a fili yake: cikakkun saƙonni biyu sun toshe layi, na uku sai ya tsaya jira, mai aikowa ya sandare ba tare da ya ce uffan ba. Idan kuma yawan layukan ko na simafo ne ya ƙare, kenel yana mayar da lambar kuskure iri ɗaya da ta cikar faifai, shi ya sa ma'aikaci kan kwana yana share fayiloli a banza, alhali umarnin ipcs da ya nuna masa inda gizo ke saƙar.

Hanyar gyara ta yi sauƙi, amma lambobin asali sun daɗe a daskare. Iyakar ƙwaƙwalwar tarayya a Linux, wato shmmax, ta zauna a megabait 32 har zamanin da ƙaramar kwamfutar cinya ke da gigabait huɗu. Masu PostgreSQL sun gaji da amsa tambaya ɗaya, suka sauya dabara a bugu na 9.3 a 2013 don su kauce wa shmmax kusan gaba ɗaya. Sai a 2014, a Linux 3.16, aka buɗe iyakar har ta zama kamar babu. Bugu na 3.19 a 2015 ya yi wa simafo haka: tsohon jeri na 250 32000 32 128 ya koma 32000 1024000000 500 32000. Abin da ke damuna shi ne tsofaffin takardun girkawa ba su mutu ba. Har yau ana kwafo layukan shekarun baya ana zuba su a /etc/sysctl.conf, mai kwafowa yana ganin ya faɗaɗa hanya, alhali a sabon kenel ƙuntata ta ya yi da hannunsa.

Kafin a kammala wancan gyara, intanet ta riga ta kai yaƙin wani fage. A 1999 Dan Kegel ya yi rubutun da ya shahara da sunan C10K, yana tambayar yadda uwar garke ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma lokaci guda. FreeBSD ta amsa da kqueue a 2000, Linux da epoll a 2002. John O'Hara na bankin JPMorgan ya fara aikin ƙa'idar AMQP a 2003, RabbitMQ ta fito a kanta a 2007, LinkedIn kuma ya saki Kafka ga jama'a a 2011. RabbitMQ da Kafka ba ruwansu da layin saƙon System V. Abincinsu soket ne da fayil. RabbitMQ tana ba da shawarar a ba ta damar buɗe fayil aƙalla 65536, Kafka kuwa 100000, sai ga shi Linux yana ba kowane shiri 1024.

Me ya hana a ɗaga 1024 kowa ya huta? Wancan select na 1983 ne. A Linux, teburin da yake aiki da shi gurbi 1024 gare shi, ba ya ƙaruwa. Idan tsohon shiri ya samu fayil mai lamba sama da haka ya cusa a teburin, zai rubuta a wurin da ba nasa ba, ya lalata ƙwaƙwalwarsa shiru, wanda ya fi fitowar kuskure muni nesa ba kusa ba. Masu systemd, shirin da ke tayar da hidimomi a Linux, sun raba gardamar a bugu na 240 a 2018: iyaka mai taushi ta zauna a 1024 don kare tsofaffi, mai tauri ta hau 524288, duk shirin da ya san kansa ya ɗaga tasa. A ganina hukuncin ya yi daidai. Sai dai ya bar tarko, domin hidimar da systemd ya tayar ba ta karanta /etc/security/limits.conf. Mutum zai gyara can, ya shiga ya buga ulimit ya ga babbar lamba, hankalinsa ya kwanta, ita kuwa uwar garken tana nan a tsohuwar iyaka har sai an rubuta LimitNOFILE a fayil ɗin hidimarta. Gaskiyar abin da shiri ke da shi tana cikin fayil ɗin limits na lambarsa a ƙarƙashin /proc.

Kafka tana da nata bangon daban. Kundinta ya kasu ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare yanki-yanki, kowane yanki kuma yana da fayilolin fihirisa biyu da ake shimfiɗa wa a ƙwaƙwalwa, kenel kuma ya ƙayyade shimfiɗun shiri ɗaya da vm.max_map_count, wanda asalinsa 65530 ne. Uwar garke mai ɓangarori 50000 tana buƙatar 100000 ko da kowane ɓangare yanki ɗaya gare shi, sai ta faɗi tana kukan ƙarancin ƙwaƙwalwa alhali akwai ta jingim. Lambar ta samo asali ne daga tsarin fayil na ELF, wanda ake juye hoton ƙwaƙwalwar shirin da ya mutu a cikinsa don bincike. Gurbin ƙidayar sassansa bit 16 ne, iyakarsa 65535, aka rage 5 don ƙarin sassan da ake buƙata. Elasticsearch ta daɗe tana ƙin tashi a bakin aiki sai an kai lambar 262144. Fedora ta ɗaga tata zuwa 1048576 a bugu na 39 a 2023, kuma masu wasannin kwamfuta ne suka jawo hakan, saboda wasu wasannin Windows da ake kunnawa ta Steam suna faɗuwa a tsohuwar iyakar.