Gubar ruwan Tibiri

Gubar ruwan Tibiri ita ce masifar da ta afka wa yaran garin Tibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, sakamakon shan ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima. Garin, wanda shi ne mazaunin Sarkin Gobir, yana bakin Gulbin Maraɗi, ba nisa da birnin Maraɗi. Daga shekarar 1985 mutanensa suka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, kuma kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, shi ya riƙa rarraba shi a shekarun da suka biyo baya.

Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Fulorayid ɗin ma ba wani ne ya zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Awon da aka yi ya nuna fiye da miligiram 4 a kowace lita, wani lokaci har sama da 6, alhali tun 1984 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5.

A baki abin ya fara bayyana. Haƙoran yara suka yi dabbare-dabbare, fari kamar alli, daga baya suka rine ja-ja, suna gutsurewa. Sannan ya sauka ƙafafu: wani ya yi gwame, wani gwiwoyinsa suna gogar juna in yana tafiya, wani kansa ya yi girma fiye da jikinsa, ga ciwon gaɓoɓi da ba ya jin magani. Dalili kuwa, sinadarin yana shiga ƙashi ya zauna, kuma ƙashin da ke kan girma ya fi kwasarsa, shi ya sa manyan da suka sha ruwa ɗaya da 'ya'yansu ba su nakasa haka ba. Zafin ƙasar ya ƙara tsananta lamarin, tunda mai jin ƙishirwa ya fi shan ruwa, haka nan ƙarancin madara da sauran abincin da ke gina ƙashi. Uwar da ta tafasa ruwan don ta kare ɗanta, ba ta san ƙara masa ƙarfi take yi ba, domin ruwan ne ke tashi tururi ya bar gubar a tukunya. Yara ɗaruruwa suka nakasa, waɗanda cutar ta taɓa haƙoransu kuwa dubbai ne.

Abin da ya sa wannan labari ke da ɗaci shi ne, masana sun san cutar fiye da shekara 50 kafin a haƙa rijiyar, kuma dabbobi sun taimaka wajen tona asirinta. A 1931 Margaret Cammack Smith da abokan aikinta a Jami'ar Arizona ta Amurka suka ɗebo ruwan garin St. David, inda haƙoran mutane ke rinewa, suka ƙafar da shi ya yi kauri, suka shayar da ɓeraye. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, don haka cikin ɗan lokaci tabon ya fito a kansu, kuma da aka ba wasu ɓerayen fulorayid a abinci, sai aka ga tabo iri ɗaya. A wannan zamanin ne likitan dabbobi Henri Velu ya danganta lalacewar haƙoran tumaki a yankunan fosfat na Maroko da wannan sinadari. A 1937 Kaj Roholm na Danmak ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan wata masana'anta a Kwapanhagan, haɗe da gwaji kan ɓeraye, aladu, maruƙa da karnuka, wanda ya nuna yadda ƙashi ke kauri ya sandare. A shekarar ce kuma aka bayyana cutar ƙashin a jikin mutane a yankin Nellore na Indiya.

A Tibiri, sai wajen ƙarshen shekarun 1990 maganar ta fito fili. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki koken iyayen yaran, ta kai ƙarar SNE kotu. Ana cikin haka, a 2001, aka raba kamfanin gida biyu: SPEN mai riƙe da kadarori, da SEEN mai rarraba ruwa, wanda kamfanin Vivendi na Faransa ya samu kaso mafi tsoka a cikinsa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙasa, FIDH, ta fitar da rahoto kan yaran Tibiri, wanda ya sa duniya ta san da su.

Ana iya rage fulorayid ta hanyar tace ruwa da gawayin ƙashi, ko gauraya shi da ruwan rijiyar da ba ta da shi. Amma haƙorin da ya rine ba ya komawa fari. Awon da zai nuna sinadarin ba shi da tsada in an kwatanta da kuɗin haƙa rijiya, don haka babu hujjar buɗe wata burtsatse, a Gidan Rumji ne ko a wasu sassan jihar kamar Agye da Gazawa, ba tare da an auna ruwanta ba.