Farin Dasƙari a Murfin Baƙin Mai da Misin ɗin Inji: Nazari a Kan Toyota Prius

Yawancin makanikai da zarar sun buɗe murfin baƙin mai suka ga wani farin abu mai kauri kamar kindirmo ya manne a ciki, hukuncinsu ɗaya ne: gasket ya ƙone. A tsofaffin motoci wannan zato yakan dace sau da yawa. A mota mai haɗa fetur da batir irin Prius kuwa, hujjar ba ta da ƙarfi ita kaɗai, kuma dalilin yana cikin yadda injin ke aiki.

Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yakan sulale ta gefen fistin ya shiga wurin mai. Idan inji ya ɗauki zafi ya daɗe yana aiki, tururin zai fice. Prius kuwa tana kashe injinta a cunkoso da wurin tsayawa, ta ci gaba da tafiya da batir. Mai motar da ke gajeruwar zirga-zirga, musamman da safiyar hunturu, mai yiwuwa man injinsa bai taɓa yin zafin da zai kori danshin ba. Murfin yana sama, ya fi saurin hucewa, don haka nan raɓar ke taruwa ta gauraya da mai. Wannan ba ciwo ba ne. Doguwar tafiya a babbar hanya da yin juye a kan kari sukan share shi.

Inda lamarin ke canzawa shi ne idan misin ya shigo. Prius ƙarni na uku, wadda aka ƙera daga 2009 zuwa 2015 da injin 2ZR-FXE mai lita 1.8, ta yi suna da wata matsala. Tana da na'urar EGR wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji bayan an sanyaya shi, domin rage zafin ƙonewa. Da tafiya ta yi nisa, baƙin gawayi yakan toshe bututun sanyayawar da ƙananan ramukan da ke raba hayaƙin ga silinda huɗu. Rabon sai ya karkace, wata silinda ta yi zafi fiye da kima, kuma masu gyara da dama suna danganta mutuwar gasket da wannan. Ruwan lagireto ya riƙa ɗiga cikin silinda da dare, da safe a tayar da mota ta yi jijjiga da ƙwanƙwasa na 'yan daƙiƙu, sannan ta lafa kamar ba komai. Wannan lafawar ce ke yaudarar mutane har ɓarna ta yi nisa.

Saboda haka bincike ya kamata ya bi tsari. A fara da kwamfutar gwaji: P0300 na nufin misin a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 na nuna takamaimiyar silinda, P0401 kuma hayaƙin EGR ne ba ya wucewa yadda ya kamata. Idan silinda ɗaya ce, a musanya koyil ɗinta da na wata. In lambar ta bi koyil, an kama mai laifi da kuɗi kaɗan. Haka filogi. Bayan nan a sa alama a tankin ruwan inji yana sanyi a riƙa dubawa, a kuma kula kada a rikita shi da tankin ruwan inbata, domin Prius tankuna biyu gare ta. A zaro sandar gwajin mai: in man ƙasa garau yake, fari a murfi kawai, alama ce ta danshi. Gwajin sinadari mai launin shuɗi, wanda ke komawa rawaya in hayaƙi ya shiga ruwa, da leƙa silinda da ƙaramar kyamara bayan an matsa wa lagireto iska ya kwana, su ne ke yanke hukunci. Fistin da ya fi 'yan'uwansa tsabta, ruwa ne ya wanke shi.

A ganina kuskure biyu ne ke cin kuɗin mutane: kwance inji saboda farin murfi kawai, da kuma ci gaba da hawa alhali ruwa na raguwa. Na biyun ya fi muni, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma in ya taru a silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin. Mai shirin sayen Prius ta hannu, ya nemi a tayar masa da ita da sassafe, inji yana sanyi, kafin ya biya ko kwabo.