Tsibirin Tuti da Mashigan Kogin Nilu

Kwamitin shirya bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya nemi ofishin magatakarda ya kawo wani abu na tarihi a wannan fitowa ta musamman. Mun zaɓi mu yi magana a kan Tuti, ɗan tsibirin nan da ke tsakiyar ruwa tsakanin Khartum da Umdurman da Bahri. Da yawa daga cikinmu sun sha hango shi daga kan gada, suna cikin mota za su Suk Libiya ko suna dawowa, amma ba su taɓa taka ƙafa a cikinsa ba. Alhali kuwa ƙauyen Tuti ya girmi birnin Khartum, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru ba a shigarsa ba a fita sai ta jirgin fito. Mu da abincinmu yake wajen ƙetara iyaka, labarin mutanen da suka rayu da ƙetara ruwa ya shafe mu.

Ga wanda bai san wurin ba, koguna biyu ne suke haɗuwa a nan. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tafkin Tana a ƙasar Habasha, Farin Nilu kuma yana tahowa daga kudu, ta Yuganda da Sudan ta Kudu. Inda suka gamu shi ake kira Mugran, kuma Tuti tana nan daidai bakinsa, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Khartum tana kudu da ita, Umdurman tana yamma, Bahri tana arewa maso gabas. Farin Nilu mai haƙuri ne, bai cika sauya hali ba. Shuɗin kuwa da damina, daga Yuli zuwa Satumba, yakan cika ya batse, ya zo ja wur da laka daga duwatsun Habasha. Wannan lakar ita ce arzikin Tuti, wannan ruwan kuma shi ne abin tsoronta.

Mutanen Tuti Mahas ne, asalinsu daga ƙasar Nuba ta arewacin Sudan, kuma sun zauna a tsibirin shekaru wajen ɗari biyar da suka wuce. An san su da noma da karatun Alƙur'ani. Daga cikinsu ne Shehu Arbab al-Aƙa'id ya ƙetara kudu wajen shekarar 1691, ya kafa makarantar allo a gaɓar Shuɗin Nilu, almajirai suka taru, gidaje suka biyo baya. Wannan ƙauyen ne ya zama Khartum. Masallacin da ke tsakiyar birni wanda jama'a suka fi sani da Masallacin Faruk, asalinsa da sunan wannan malami yake. Haka a ɗaya gaɓar, unguwannin Hillat Hamad da Hillat Khojali na Bahri sun samo sunansu ne daga malamai biyu 'yan Tuti, Shehu Hamad wad Ummu Maryam da Shehu Khojali. Saboda haka lokacin da rundunar Isma'il Basha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, ta iso a 1821, ba daji ta tarar ba. Ta tarar da ƙauyuka da mashigai, ta kafa sansani, daga baya Turkawa suka mai da wurin babban birni.

Rayuwar tsibirin kanta a kan ruwa ta dogara. Idan kogi ya janye bayan damina, sai a bi danshin gaɓa a shuka. Can sama kuma sai ban ruwa, da farko da jigo irin namu na fadama, da kuma sakiya, wata ƙatuwar ƙafar katako mai jerin tuluna wadda shanu ke juyawa, kafin injin ya zo ya maye gurbinsu. Ana noma tumatir da albasa da kuɓewa da ganyaye, ga lemun tsami da mangwaro da gwaba, ga ciyawar dabbobi. A bakin ruwa ana buga tubali da lakar kogi ana gasawa. Duk wannan sai an ƙetare da shi kafin ya zama kuɗi. A da, tun da asuba jirgin fito yake fara aiki, ya ɗauki kwandunan kayan miya da manoma da 'yan makaranta da ma'aikatan gwamnati, ya sauke su a titin bakin Nilu, kusa da inda Sinawa suka gina babban zauren taro na Sadaƙa a shekarun 1970. Mai haƙuri da amarya da baƙo, kowa a wannan jirgi ɗaya. Shi ya sa a Tuti ba a ɓoye zuwa ba a ɓoye tafiya: mai fito ya san wanda ya fita, ya san wanda bai dawo ba. Duk wanda ya taɓa zama a mashigi yana jiran jirgi ya cika ya san cewa nan ne ake jin farashin kaya tun kafin a kai kasuwa.

Su kuwa jiragen, a ɗaya gaɓar ake sassaƙa su. Unguwar Abu Rof a Umdurman ta yi suna da wannan sana'a, ɗa yana gado daga uba. Itacen da suka fi so shi ne wanda Larabawan can ke kira sunut, wato bagaruwar nan tamu da majema ke jima da 'ya'yanta. Yana da tauri, ruwa bai cika cinsa ba. Akan yanko shi daga dazuzzukan kudu, a tsaga kaurara, a haɗa da manyan ƙusoshin ƙarfe, a toshe tsakani da tsumma. Jirgi ne mai faɗin ciki da nauyi, ba shi da kyan gani, amma yana ɗaukar kaya. Kuma Nilu ya yi wa matuƙansa gata: iska ta fi busowa daga arewa, ruwa kuma arewa yake gangarawa, don haka mai zuwa kudu ya ɗaga filafili, mai komawa arewa ya bi ruwa. Kudu da Abu Rof akwai Maurada, tsohuwar tashar da jirage ke sauke dawa da itace da katako. Har zuwa kwanan baya can ce babbar kasuwar kifi ta Umdurman, inda ake samun giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa tun kafin rana ta fito. Wanda ya san wannan kasuwa ya san cewa ba a rasa jin Hausa a cikinta, domin 'yan uwanmu sun daɗe da riƙe su a kogunan Sudan.

Yaƙi ma ta ruwa ya riƙa zuwa wa waɗannan garuruwa. Ranar 26 ga Janairun 1885 dakarun Mahadi suka ci Khartum, aka kashe Janar Godon. Bayan kwana biyu jiragen tururi biyu na Ingilishi masu kawo ɗauki suka iso har kusa da Tuti, suka sha wuta daga gaɓa, suka ga aikin gama ya gama, suka juya. Mahadi ya rasu a watan Yunin wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya tsai da mulki a Umdurman, aka kwashe mutanen Khartum aka mai da su can. Wurin da a da ɗan ƙauyen mashigi ne, cikin 'yan shekaru ya zama babban birni mai kasuwar da ake zuwa daga Darfur da Kurdufan da ƙasashenmu na yamma. Halifa ya gina ganuwoyin laka a bakin kogi don tare jirage, waɗanda ake kira tabiya. Ragowarsu na nan a gaɓar Umdurman, akwai kuma a Tuti. Ba su hana ba. A 1898 Kichina ya hawo da jiragen yaƙi na ƙarfe, ranar 2 ga Satumba aka gwabza a Karari, daular Mahadiyya ta faɗi. Ɗaya daga cikin jiragen, mai suna Malik, ya ƙare a matsayin ofishin kulob ɗin masu wasan jirgin ruwa a gaɓar Shuɗin Nilu, har wata ambaliya ta ɗaga shi ta ajiye a tudu.

Shekara biyar bayan Karari aka yi yaƙin Burmi a ƙasarmu, a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba gabas da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Bayansu ayarin mahajjata bai yanke ba: daga Kano zuwa Maiduguri, a ratsa Cadi ta Abeshe, a shiga Jinena da Fashir da Ubayyid, a tsaya a yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira a tara guzuri, sannan a nufi Suwakin a hau jirgi zuwa Jidda ta Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu sun zauna ke nan, su ne ake kira Takari ko Fallata. Duk wanda ya biyo ta Umdurman a farkon wancan zamani yana son Khartum, sai ya biya kuɗin fito. Yawancin hanyoyin da muke bi yau da turare da lalle da zoɓorodo da atamfa, sawun waɗannan bayin Allah ne. Allah ya jiƙansu.

Daga nan sai gadoji suka fara cin mashigai ɗaya bayan ɗaya. An gama gadar Shuɗin Nilu wajen 1909, jirgin ƙasa ya shigo Khartum. Kafin ƙarshen shekarun 1920 an haɗa Khartum da Umdurman da gadar ƙarfe a kan Farin Nilu. A 1966 gadar Shambat ta haɗa Umdurman da Bahri. Tuti kaɗai ta rage da jirginta, ƙauye mai gonaki da lunguna a tsakiyar babban birni.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan Tuti a Sudan shi ne ambaliyar 1946. Ruwa ya tashi yadda ake ganin zai shafe tsibirin, hukumar Ingilishi ta so a kwashe mutane, suka ƙi. Maza da mata suka fito suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna datse duk inda ruwa ya ɓalle, dare da rana, har kogi ya sauka. Tsarin da suka bi shi ake kira taya. An raba gaɓar tsibirin kashi-kashi, kowane kashi da rumfar tsaro da mutanen da ke kwana a wurin suna duba ruwa. In ya fasa a wani gefe sai a buga ganga, a busa usur, a yi kira daga masallaci, kowa ya rugo da fartanya da buhu. Babu albashi, babu ɗan kwangila. Da wannan tsari suka tsallake ambaliyar 1988 wadda ta rushe gidaje masu yawa a Khartum, da shi kuma suka tari ta 2020, shekarar da kogin ya wuce ma'aunin waɗancan biyun. A ganinmu wannan ya fi tabiya da jirgin Kichina cancantar a kira shi abin tarihi, ko da yake ba shi da ginin da za a nuna wa baƙo.

A 2009 aka buɗe gadar Tuti, mai rataye da igiyoyin ƙarfe, ta haɗa tsibirin da Khartum. Ba za mu raina amfaninta ba. Mace mai naƙuda ta daina jiran jirgi da tsakar dare, manomi ya kai tumatirinsa kasuwa da mota. Amma tun a lokacin wasu 'yan tsibirin suna fargabar masu kuɗi za su shigo su saye gonaki su yi benaye. Harkar fito ta ja baya, kamar yadda ta ja a sauran mashigai, domin ba mai biyan kuɗin jirgi ga gada a buɗe.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. RSF suka mamaye tsakiyar Khartum, bakin gadar Tuti ya faɗa hannunsu. Hanya ɗaya ce tilo ta ƙasa, don haka wanda ya riƙe ta ya riƙe abinci da magani da fitar marar lafiya. Mutanen da ruwa bai iya kora ba a 1946 sun yi fiye da shekara a tsare, kafin ƙarshen 2024 akasarinsu sun bar tsibirin. A watan Nuwamban 2023 aka karya gadar Shambat, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Ba mu ce da jiragen fito suna nan kamar da, da mutanen Tuti sun tsira ba, domin kogin ma yana ƙarƙashin bakin bindiga. Abin da muke cewa shi ne garin da a da yake da gaɓa ta kowane gefe ya wayi gari da ƙofa guda.

'Yan uwanmu masu bin hanyar Kwatano sun ga irin wannan a shekarar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi dogon layi, kaya suka lalace. Masu kwale-kwale ne suka riƙa ƙetarar da mutane da buhuna a kogin Kwara, da tsada, da haɗari. Sana'ar da ake ganin ta mutu ita ta riƙe kasuwa, kuma ta iya hakan ne don akwai sauran waɗanda suka san ruwan.

A watan Maris na 2025 soja suka karɓe tsakiyar Khartum, Tuti ta fita daga hannun RSF, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan. Sun tarar da gidaje a wawushe, gonaki a bushe. Itatuwan lemo da suka mutu sai an yi shekaru kafin sababbi su yi 'ya'ya. Shi kuwa Shuɗin Nilu yana nan yana tashi kowane Agusta, kuma rumfunan taya suna bukatar mutanen da za su kwana a cikinsu, alhali da yawa daga matasan da suka san wannan aiki suna warwatse a wasu garuruwan Sudan da Masar da ƙasashen Larabawa.