Girkanci da Latin a Jami'o'in Ingila

Tsawon ƙarnuka, Latin, harshen Rumawan dauri, shi ne harshen karatu a jami'o'in Turai, da shi ake lacca da muhawara, kafin Girkanci, harshen Aflatun da Aristo, ya samu gindin zama a Ingila cikin ƙarni na 16. Daga baya jami'o'in Okusfod da Kambirij suka wajabta wa kowane ɗalibi, ko lissafi zai karanta, cin jarrabawar harsunan biyu, sharaɗin da ya toshe ƙofa ga 'ya'yan talakawa da dama. Kambirij ta soke na Girkanci a 1919, Okusfod a 1920, na Latin kuwa sai 1960. Gyaran ya dace, amma ya rage masu karanta tsofaffin littattafan Turai cikin harshensu na asali.