Hawan Dutse A Hunturu: Tarihin Da Kyamarar Mu Ba Ta Kai Gare Shi Ba

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinan Hausa ne, ba ka rasa ganin jarumi da jaruma a kan dutse su na rawa su na waƙa, iska na kaɗa mayafi. Da an gama waƙar shi kenan, dutse ya gama aikin sa. Ba mai tambayar sunan sa, balle a ji wa ya taɓa zama a kan sa. Alhali in ka cire duwatsu daga tarihin ƙasar Hausa, to ka cire babin farko ke nan.

Ɗauki Kano. Kafin ganuwa, kafin Gidan Rumfa, Dala ce gari. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa tun wajejen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin ta. Kundin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, wanda a kan dutsen ya ke zaune. Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwa, Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe wurin tsafin, sannan Sarki Yaji (1349-1385) ya ci Santolo, wani garin na kan dutse da ya daɗe ya na ja da Kano. Haka Zazzau ta ke da Turunku da Kufena, Zamfara na da Kwatarkwashi. Abu uku ya kai kakannin mu sama: tsaro, ƙarfe da bauta. Da ganuwa ta samu, Musulunci ya kafu, sai aka gangaro, aka bar duwatsun da kufai.

To, Dala dai kowa ya san ta. Inda na ke so mu leƙa shi ne yamma, wajen Karaye da Rogo, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Katsina da Zazzau. Nan ba a jin hayaniyar 'yan yawon buɗe ido, sai tuddai da kwazazzabai da gonaki. Amma ka san cewa wani Sarkin Kano a Karaye ya rasu? Kundin ya nuna Muhammadu Zaki (1582-1618) ya fita yaƙi da Katsinawa, aka yi nasara, aka kwaso dawaki 400, ya koma Karaye, can ajali ya cim masa. Wato wannan yankin shi ne garkuwar Kano ta yamma, kuma a zamanin da ba waya ba rediyo, tudu ne ke ba ka labarin maƙiyi: wanda ke sama shi ke fara hango ƙurar dawaki. Har yau sunan Karaye bai bar bakin masu mulki ba. An yi mata masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da Karaye da Rogo a ƙarƙashin ta.

Me ya sa na ce hunturu? Saboda da damina ciyawa ta rufe komai, ga macizai, ga gonakin mutane da ba a ratsawa. Da bazara kuwa dutse kan yi zafi kamar tanda. Amma daga Disamba zuwa Janairu an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ƙasa ta buɗe. A lokacin ne mai ido kan gane kufai: tsingaro, kashin maƙera, tsohon dutsen niƙa, kukoki tsaitsaye a inda ba gida ko ɗaya. Aibin sa ɗaya, hazo kan tare hangen nesa, ga sanyin safiya mai fasa leɓe. In za ka je, ka fara da gaida dagaci, ka tambayi halin tsaro, ka nemi maharbi ɗan gari ya yi maka jagora. Sau da yawa labarin da ke bakin sa ba ya cikin kowane littafi.

Turawan Ingila sun daɗe da mayar da irin wannan tafiya al'ada, har cikin ƙanƙara. Wani mutum, Alfred Wainwright, ya bi tsaunuka 214 na arewa maso yammacin ƙasar da ƙafa, ya rubuta littattafai bakwai a kan su tsakanin 1955 da 1966, duk da rubutun hannu da zanen sa. Ma'aikacin baitulmalin wani gari ne kawai, ba farfesa ba. Ina namu?

Kar ka ɗauka lokaci na jiran mu. A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye. Ta kawo noman rani da kamun kifi, ba musu, amma abin da ruwa ya shanye ya shanye. Wani wurin kuma masu fasa dutse ne ke lodin tarihi a tifa, su kai birni a yi dakali. Ita kan ta Dala gidaje sun matse ta ta ko'ina. Dattawan da su ka san sunan kowane tudu kuma kullum raguwa su ke.

Don haka marubutan mu, kafin ku sake tura jarumi Dubai ko Landan, ku tura shi Karaye cikin sanyi mu gani. Daraktoci kuma, in an kai kyamara kan dutse, a daure a tambayi mutanen gindin sa labarin sa kafin a kunna kiɗa. Ƙila fim ɗin da ya fi wanda ku ka je ɗauka ya na nan ƙarƙashin ƙafar ku.