Iyakar Da Bature Ya Shata Saboda Barasa, Da Gefen Da Sabo Ta Faɗa

 Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanenmu, ana yin ta a rumfar goro, ana yin ta a kara, wai da Bature ya ci ƙasar Hausa ya tarar da Musulmi ne, sai ya girmama addininsu ya hana shigar da giya Arewa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi aka faɗa. In da addini Bature ya bi ya shata iyakar nan, da mu da ke zaune a Badun, da Musulmin Yarbawa na Iwo da Ede da Epe, duk muna cikin kariya. To, ba mu ciki, kuma ba mu taɓa shiga ba. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawun dokar daga tushe, tun da yanzu maganar shagunan sayar da abin sha ta fara matso gidajenmu.

Asalin abin daga Turai ya taso. A shekarar 1890 manyan ƙasashe suka yi taro a Burasal, babban birnin Beljiyam, kan hana cinikin bayi da sayar da bindigogi a Afirka, sai aka cusa maganar barasa a ciki. Suka ja layi biyu a taswira, ɗaya a ma'auni na 20 arewa da tsakiyar duniya, can cikin Sahara gaba da Agadas, ɗaya a ma'auni na 22 kudu, wajen kogin Limpopo. Suka ce a tsakanin layukan nan, duk inda mutane ba su riga sun saba da barasar Turai ba, ko don addini ko don wani dalili, kada a kai musu. Inda kuwa aka riga aka saba, a ci gaba da sayarwa, sai dai a ɗora haraji. Kowace ƙasa ita za ta faɗi iyakar yankin da ta hana a cikin mallakarta. Mai karatu ya lura da wannan gaɓar, don nan gizo ke saƙar. An bar wa mai karɓar harajin ya yanke inda ciniki zai tsaya.

Barasar da ake magana a kanta ba giyar kwalba ba ce irin ta yau. Wata ce mai zafi mai arha da ake kira jin, yawancinta daga Jamus da Holan ake loda ta a jirgin ruwa cikin akwatuna. A bakin teku da ƙasashen manja ta zama kamar kuɗi. Akwatin jin zai yi ta zagaya hannu, a sayi manja da shi, a biya sadaki da shi, ba a ma buɗe shi ba. Mu 'yan kasuwa mun san ma'anar wannan: kayan da ya zama kuɗi ba a hana shi da baki.

Kamfanin Neja na George Goldie, wanda Ingila ta ba izinin mulki a 1886, shi ya fara ja wa barasa layi a bakin Kwara. Ya ce ba ta wuce ma'auni na 7, wato wajen Idah. Abin dariya, in da za a miƙe layin nan zuwa yamma, Badun tana arewa da shi. Amma Badun ba ta hannun kamfanin, ita da Ikko take hulɗa, don haka layin bai shafe ta ba. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin ranar 1 ga Janairu 1900, Gwamna Lugga ya gaji hanin ya shimfiɗa shi a kan dukan Arewa. Daga nan iyakar barasa ta koma iyakar mulki. Inda ikon gwamnan Arewa ya tsaya, nan hani ya tsaya.

Duba abin da wannan ya haifar. Tibi da Idoma da Igala da Birom da Yarbawan Kabba, waɗanda galibinsu a lokacin ba Musulmi ba ne, kuma suna da burukutunsu ko bamminsu tun kaka da kakanni, sun faɗa yankin hani don kawai lardunansu na Arewa ne. Musulmin Kudu kuwa, da masallatansu da limamansu, sun faɗa yankin da akwatunan jin ke shiga da rana tsaka. Bayarben Offa an hana shi, ɗan'uwansa na Ikirun da ke kusa an bar shi. Harshe ɗaya, sau da yawa ma addini ɗaya, amma ɗaya na ƙarƙashin lardin Ilori, ɗaya na Kudu.

Me ya hana a rufe Kudu ita ma? Kuɗi. Kafin yaƙin duniya na farko, harajin kwastan na barasa shi ne ƙashin bayan baitulmalin Kudu, a 1913 ya haura fam miliyan 1. Limaman Kirista irin su Bishop Herbert Tugwell da Bishop James Johnson sun yi ta kururuwa cewa ana halaka mutane. A 1909 aka turo kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers, ya saurari shaidu, ya ce bai ga alamar barasa ta lalata al'umma ba. Ciniki ya ci gaba.

Ita kuwa Arewa, ba ta da teku, ba ta da kwastan na a-zo-a-gani, kullum kasafinta da giɓi, sai Ingila ta ba da tallafi, Kudu ma ta ba da wani abu. Lugga ya waiwayi fatake ya ɗora musu harajin ayari, ana tare su a hanya ana ƙiyasta kayansu ana karɓa, har sai da aka soke shi a 1907. Kakannin wasunmu masu safarar goro da kanwa sun biya shi. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka gama asusu, kuɗin barasar da aka hana Arewa sha suka shiga cikin abin da ake gudanar da ita. Wanda ya ji gardamar da aka yi a 2021 kan rabon harajin kayan masarufi, inda wasu 'yan Kudu ke cewa jihohin da ke fasa kwalabe suna cin kuɗin giya, ya sani ba sabuwar gardama ba ce.

Jirgin ƙasa shi ya fara huda katangar. Dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Ilori a 1908, ya isa Kano a 1911. Tare da shi akawuna da masu aikin reluwe da kafintoci suka hau Arewa, wasu daga Ikko, wasu daga Saliyo da Gwalkwas, mutanen da suka saba da shan abinsu. Gwamnati tana bukatarsu. Sai aka ware musu Sabon Gari a bayan ganuwa, na Kano wajen 1913, aka sa shi ƙarƙashin Jojin Bature maimakon Sarki. Turawa su dama hanin bai hau kansu ba, suna da kulob ɗinsu a barikinsu. Wasu ma'aikatan baƙar fata kuma ana ba su takardar izini su sayi ɗan abin da za su sha. Kwalbar da ta fito da takarda, wa zai bi ta ya ga inda ta kwana? Ga kuma 'yan fasa-ƙwauri ta daji da ta kwalekwale, iyaka doguwa, 'yan sanda kaɗan.

A 1917 aka yi dokar barasa guda ɗaya ta dukan Nijeriya, aka kasa ƙasar kashi uku. Kashi na farko yankin hani, inda ba a sayar da abin maye sai da lasin, kuma ko da lasin ba a sayar wa ɗan ƙasa barasa mai zafi, ba a kuma yarda a same ta a hannunsa. Dukan lardunan Arewa nan suka shiga. Na biyu yankin lasin, inda kowa ke iya saye muddin mai shagon yana da takarda. Na uku tsaka-tsaki ne, an taƙaita cinikin amma ba a hana ba. Gwamna ke da ikon cewa gunduma kaza tana kashi kaza, ta hanyar sanarwa. Irin wannan rabo ya bi har Kamarun Ingilishi bayan an karɓe ta daga Jamus: Bamenda da Mamfe yankin hani, Kumba da Victoria yankin lasin. Lasin ɗin kansa iri-iri ne, akwai na sari, na sayarwa a tafi da shi, na sha-a-nan, na otal, na kulob, har da na tashar jirgi da na taragon cin abinci.

A lura, dokar ta fi tsananta ne kan barasa mai zafi. Burukutu da bammi na gida an bar su a hannun En'e. Da aka hana shigo da barasa mai arhar nan bayan yarjejeniyar 1919, ta yi tsada, wajen 1930 mutanen Kudu suka koyi dafa tasu, ogogoro, wadda ba ta bi ta kwastan balle a san adadinta. A 1949 aka fara cika kwalbar Star a Ikko, a 1963 kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa kanta. Gwamnatin Sardauna ita ce ta sauya salon: kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa shan giya laifi ne ga Musulmi. Wato hani ya tashi daga kan ƙasa ya koma kan mutum. Amma shi ma kundin a iyakar Arewa ya tsaya, haka kuma dokokin Shari'a da Zamfara ta ƙaddamar a 1999 wasu jihohi suka bi.

To mu fa? An kafa Sabon Badun a 1916, shekara guda kafin dokar, bayan ƙorafe-ƙorafe cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙin Hausawa da ke warwatse a gari. Aka tara mu wuri guda ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Suna ɗaya da Sabon Garin Kano, amma aiki bambam. Can an ware baƙo don ya yi abin da aka hana ɗan gari. Nan an ware baƙo a tsakiyar garin da doka ba ta hana kowa ba.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, Sabon da ba unguwar waliyyai ba ce, an yi caca, an yi zaman kai, mai son sha kuma tafiyar minti kaɗan ce ta raba shi da inda ake sayarwa. Amma buɗe mashaya a cikin unguwa wani abu ne daban, kuma abin da ya tsare wannan ba ya cikin littafin Bature. Masu gidaje ne. Maigidan da ke saukar da fataken shanu da na goro, jarinsa amana ce. Mutum zai taho daga Kano ko Sakkwato ya damƙa masa dukiya ba takarda. Ranar da aka ji yaransa na buguwa, ko ana sha a zaurensa, baƙi sun koma gidan wani. Ɗaki a Sabo kuma sai ta hannun maigida, shi ma yana jin nauyin Sarki. Da ɗarikar Tijjaniyya ta Shehu Ibrahim Inyass ta yaɗu a unguwar a farkon shekarun 1950, aka tsayar da masallacin Juma'a na kanmu, ana haɗuwa wazifa kullum, sai ido ya ƙara yawa a kan kowa.

Yau ikon ba da lasin sayar da giya yana hannun ƙaramar hukuma, haka jadawali na 4 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, Sabo kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa. Babu wani layi a taswirarta da ya ce nan unguwar Musulmi ce. Kuma ni a ganina bai kamata mu nemi a hana maƙwabtanmu na Mokola abin da dokar jiharsu ta halatta musu ba, mu baƙi ne da aka karɓa hannu biyu. Namu shi ne shagunan da ke jikin gidajenmu. Da yawan gidajen nan sun zama na gado, magada wasu suna Arewa, haya tana hannun wakili, shi kuwa wakili wanda ya fi biya yake ba. Abin sha ɗin ma ya sauya kama, yana zuwa a ƙaramar leda da yaro zai saya da canjin aike, ya sa a aljihu. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana irin wannan leda a farkon 2024, masu masana'antu suka yi ca, aka yi ta jan ƙafa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a tura mutum biyu sakatariyar ƙaramar hukuma su karɓo kwafin dokar lasin, a fassara ta da Hausa, mu san wa ke sa hannu da kuma ƙofar da maƙwabci ke bi in yana da ƙorafi. Sannan a rubuta sunayen gidajen da ke da shago a bakin titi, a nemo magadansu duk inda suke, a roƙe su su sa sharaɗin abin da ba a sayarwa a cikin takardar haya kafin wa'adin sabuntawa ya zo.