Lambu da Ibada a Ƙasar Gwandu

Noman lambu, wanda Hausawan yamma ke kira garka, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gwandu, har da ƙauyukanta irin su Dodoru. Tushensa fadama ce, inda ruwa ba ya da zurfi ko da rani. A da, manomi kan haƙa ƴar rijiya, ya yanka ƙasa fangali-fangali, ya riƙa ɗebo ruwa da jigo safe da yamma.

Bayan jihadin 1804, Gwandu ta zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, garin malamai da ɗalibai. A wurin irin waɗannan mutane shuka ba neman abinci kaɗai ba ce, domin hadisi ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Cin gumin kai kuma hanya ce ta tsare halali.

Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Gwandu a 1853, ya yaba da albasarta da ayabar da ake nomawa a kwarin da ya ratsa garin. Sarkin lokacin, Halilu ɗan Abdullahi, ya duƙufa ga ibada a keɓe, har baƙon bai samu ganinsa ba.

A cikin gidaje, mata kan raya zogale da lalle kusa da randa, da ruwan alwala da na wanke-wanke. Yanzu injin ban ruwa ya karɓe aikin jigo, noman albasa kuma ya bunƙasa garin Aliero.